MURYAR INNA A TSAKIYAR KASUWA

Shafi na 23

Masu cika min salula da saƙo tun da safe, ku sassauta, ga shi nan. Wannan shafin na ba da shi ga duk wadda aka taɓa ɗauko maganar cikin ɗakinta aka shanya a waje. Da zafin rai na rubuta shi, in kun ji ɗaci ku yi haƙuri da ni.

*

Zulaihatu ba ta yi sallama ba. Ita da ko ɗakin yara ba ta shiga sai da sallama, yau da ƙafa ta tura ƙofar biro, wato ofishin Zauren Fasaha na Mayahi, har ƙyauren ya daki bango.

Mushe Tanko, shugaban Zauren, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, inda ya samo laƙabin Mushe, mai son a ce ya yi abin a zo a gani, yana zaune da kofin shayi a hannu. Mudassir sakatare na gaban ordinatar, wato kwamfuta, yana gyara hoton tallar bikin da za su yi, wanda mawaƙa da marubuta za su zo tun daga Tasawa da Gidan Amumune.

"A'a, Madam Zulai! Yanzu nike cewa a nemo ki," in ji Mushe, baki har kunne. "Kin ji kasuwa? Kin ga yadda mutane sunka tsaya cak? Wallahi tallarmu ta bana ta hi ta kowace shekara."

"Wa ya ba ku ita?"

"Mi?"

"Waƙar da kunka ɗora bisa amsa-kuwwa. Wa ya ba ku ita, Mushe?"

Muryarta rawa take yi, ba don tsoro ba. Ta cika ne ta yi fam.

Ita Zauren ya tura rugage don ta tattaro waƙoƙin mata, na daka da na tatsa da na kaɗa nono, tunda ita ce marubuciyar da ke jin Fulatanci a cikinsu. Da ta je rugarsu ta wajen Attantane, ta daɗe tana lallashin mahaifiyarta kafin Inna ta yarda ta yi mata guda ɗaya. Wadda take yi ce ita kaɗai a bayan bukka, gora a cinya tana kaɗa nono. A cikinta ne Inna ke kiran sunan ɗanta na fari, Gidaɗo, sunan da ba a taɓa jin sa a bakinta ba tun ranar da ta haife shi. Ɗan fari ne, kunyarsa take ji, "wancan" take ce masa, kuma kakarsa ce ta raine shi kamar yadda aka saba. Kafin ta fara sai da ta riƙe hannun Zulaihatu ta ce, wannan taki ce, ki ajiye don bayan raina. Zulaihatu ta yi mata alkawari.

Sai ga shi yau, kasuwa ta cika maƙil, Inna na zaune a layin masu nono, moto mai ƙafa uku ya shigo da amsa-kuwwa a ɗaure. Muryar Inna ta tashi a kan kowa da kowa. Matan Fulani suka rufe baki. Wata ta ce, ashe ta iya sunan. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska, ta bar ƙwaryarta a buɗe ƙuda na bi, ta miƙe ta yi tafiyarta. Da Zulaihatu ta biyo ta, ko waiwaye ba ta yi ba, hannu kawai ta ɗaga mata alamar kar ki biyo ni.

"Zauna mana, ɗiyata," in ji Mushe Tanko. "Mi ya yi zahi haka?"

"Ba zama ya kawo ni ba. Kun san muryar wa ce kunka yi yawo da ita kamar tallar maganin basir?"

"Wata tsohuwa ce cikin waɗanda kika ɗauko. Ni dai ba ni jin Hillanci, amma na ji tana ambaton Gidaɗo. Na ce voilà! Ga babban mai molonmu, ga tsohuwa tana yi mashi kirari. Ina tallar da ta hi wannan?"

"Kirari?"

"To ba kirari ba ne?"

"Uwatai ce, Mushe! Uwarmu ce, ni da shi!"

Kofin ya tsaya a iska. Mudassir ya juyo da kujerarsa gaba ɗaya.

"Inna?" Mushe ya faɗa a hankali. "Ita Inna ce ke kiran sunanshi?"

"Ita ce. Kuma tana zaune cikin kasuwar. Gaban ƙannen mijinta, gaban surukanta, gaban 'yan kabu-kabu masu dariya."

"Subhanallahi."

"Ku hwaɗa mani, Mushe. Ku ma ɗan hwari ne a gidanku, kowa ya sani. Mahaihiyarku, Allah ya jiƙanta, ta taɓa kiran sunanku?"

Mushe Tanko ya sunkuyar da kai. "Har ta koma ga Allah, 'yaron nan' take ce mani."

"To da an ɗauko bakinta an ɗora bisa moto fa?"

Ya ajiye kofin a kan tebur. Da a nan ya tsaya da ya tsira da mutuncinsa. Amma akwai irin mutanen da ba su iya zama da laifi ko na ɗan lokaci, sai sun nemo masa riga sun sa masa. Ya gyara tabarau, ya gyara murya, malamin lakwal ya dawo.

"Amma dai, Madam, mu duba ta wani gehen. C'est notre patrimoine, gadonmu ne. Abin da anka kahwa Zauren nan dominshi ke nan, a hiddo abin da ke ɓoye kahin tsohhi su tahi da shi. In kowa ya ɓoye nashi, mi za mu nuna ma duniya?"

"Da izinin mai shi!" Ta buga tebur har cokalin shayi ya yi tsalle. "Ba ni na tsaya nan, gaban kowa, na ce ba a hidda muryar mace sai ta ce a hidda ba? Ba ku kunka tahwa mani ba? Matan nan ba don Zaure sunka buɗe baki ba, Mushe. Ba su san Zaure ba. Ni sunka sani, ɗiyar Inna. Da wane ido zan koma ruga? Da wane ido zan dubi uwata?"

"A yi haƙuri, kuskure ne..."

"Kuskure ba shi da hannu. Hannun wa ya ɗauke ta?"

Ta juya kan Mudassir. Shi ne mai ordinatar, duk abin da aka ɗauko ta hannunsa yake bi. Bawan Allah ya yi tsuru-tsuru, ya ɗaga hannu biyu sama.

"Wallahi Madam ba ni ba ne."

"Kai ke haɗa talla."

"Ni na haɗa, ban musa ba. Amma a kile, 'yar ma'ajiyar nan da ake cusa ma ordinatar, anka kawo mani ita, anka ce daga gare ki take, kin amince."

"Ni? Wa ya ce?"

Mudassir ya dubi Mushe. Mushe ya dubi kofinsa kamar yau ya fara ganin shayi.

"Ban taɓa sa waƙar nan cikin ordinatar ba," ta ce tana binsu da kallo ɗaya bayan ɗaya. "Cikin salulata take, ita kaɗai. Salular nan ba ta kwana hannun kowa. Ko caji zan yi, gidan Hamma nike kai ta, don shi ke da..."



Gidan Hamma. Gidan yayanta. Ranar da ta dawo daga ruga salular ta mutu, ta bar ta a gidansa a jikin fanon sola mai caji da hasken rana, ta tafi ta yi girki ta dawo.

"A'a," ta ce. "A'a."

"Ƙyale Mudassir, Zulai. Ni ne."

Gidaɗo ne tsaye a bakin ƙofa, dogo, siriri, molonsa a rataye a kafaɗa. Ba ta san tun yaushe yake wurin ba. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne fuskarsa. Babu kunya a cikinta ko kaɗan. Idanunsa sun yi ja, amma kansa a ɗage yake.

"Hamma?"

"Ni na ɗauka. Ni na kawo. Ni na ce kin yarda."

"Ka buɗe mani salula?"

"Waƙoƙin tatsa nike nema, in sa ma molo. Sai na ji muryarta. Sai na ji sunana."

"Sai ka kai kasuwa."

"Sai na kai kasuwa."

Ta yi dariyar da ba ta daɗi ba. "Mushe bai jin Hillanci, shi na ce jahilci ne. Mudassir an yi mashi ƙarya. Kai fa? Kai da ka san abin da ke ciki kalma bayan kalma? Kai da ka san in an ba Inna zaɓi, gara a tuɓe mata ɗankwali gaban mutane da a ji wannan?"

"Na sani."

"To don mi?"

Ya shigo ya jingina molon da bango a hankali, kamar mai kwantar da jinjiri.

"Kin taɓa zama wancan, Zulai?"

"Kar ka..."

"Ina tambayarki. Ke ana kiranki. Zulai zo, Zulai ci, Zulai mi ke damunki. Ni tun ina rarrahe, in na shigo ta wannan ƙohwa ta hita ta waccan. A ba wancan hura. A ce ma wancan shanu sun yi gabas. Na yi zazzaɓin da anka kai ni gidan likita a Maradi, kowa ya shigo ya dahwa kaina, ita tana waje ƙarƙashin icce."

"Ba ta ci abinci ba har anka sallamo ka! Ni na gani!"

"Ke kika gani. Ni ban gani ba."

Ya ja numfashi.

"Wannan duk na haɗiye, na ce al'ada ce. Amma tun da na aje sanda na ɗauki molo, kin san mi ake cewa. Bahillace ɗan asali ya zama maroƙi. Baffanninmu ba su ba ni hannu cikin taro. Kuma kin san mi suke ƙarawa? Wai ba kunyar ɗan hwari ba ce Inna ke ji, kunyar haihuwata take. Wai ta sallama ni. A kasuwar nan anka hwaɗa mani, gaba da gaba. Shekara da shekaru ina kwana da maganar nan, har na yarda gaskiya ce."

Daga nesa ana jiyo hayaniyar kasuwa da kukan jakuna.

"Sai na ji tana cewa, Gidaɗo, da ido na goya ka, ba da zane ba. Wata ta yaye ka, ni daga nesa na ƙirga haƙoranka." Muryarsa ta karye. "Na ce wallahi duk wanda ya ce ta sallama ni sai ya ji wannan da kunnenshi. A kasuwar da sunka zage ni, nan za su ji."

Mushe Tanko ya cire tabarau yana goge ido. Mudassir ma ya kau da kai. Ni kaina mai ba ku labari na ji tausayinsa, ba zan ɓoye ba. Amma tausayi bai hana abin da ya yi zama cin amana ba, kuma Zulaihatu ba ta bari hawayensa ya wanke shi ba.

"Ka gama?"

"Zulai..."

"Ka ji waƙar. Kai kaɗai, cikin ɗakinka. Ka samu abin da kake nema tun kana yaro. Bai ishe ka ba?"

"Su ma ya kamata su..."

"Su wa? Baffa Shu'aibu? Don ka rufe bakin Baffa Shu'aibu ka tone cikin uwarka? Kai ka hita kunya, ita ka jehwa ta ciki, kuma da sunana ka yi! Yanzu haka tana can tana cewa ɗiyar da ta riƙe ma hannu ita ta sayar da ita!"

"Zan gaya mata ni ne."

"Da wane baki? Kun taɓa zama kun yi magana?"

Ya dubi molonsa da ke jingine da bango.

"Ba ka gane komi ba, Hamma. Kana waƙa, mutane na kuka, amma ba ka gane komi ba. Inna na kiran sunan kowa. Tana kiran nawa, tana kiran na mai kabu-kabu, tana kiran na saniya. Suna ɗaya tak ta ɗauke ta ɓoye don ya hi ƙarhin bakinta. Abin da ta ba ka ke nan, wanda ba ta ba ni ba. Ni da kake ganin ana kira, sau nawa na yi kishin shirun nan da take yi maka?"

Ya dube ta kamar bai taɓa ganinta ba.

Mudassir ya yi gyaran murya a tsorace. "Pardon, Madam. Akwai wata matsala. Na riga na kai ma gidan radiyo tallar. Bayan la'asar za su hwara sa ta, har ranar biki."

Zulaihatu ta dafe kai. Kasuwa ta ji, yanzu kuma rediyo. Kowace ruga daga nan har garin Sarkin Hausa akwai rediyo a rataye a jikin bukka.

"Kira su," ta ce. "Yanzun nan. Mushe, ku kira su!"

Mushe ya lalubo salularsa.

"Kar a kira."

Gidaɗo ne. Ya tako ya tsaya tsakanin ta da teburin.

"Mi ka ce?"

"Abin da ya hwaru ya riga ya hwaru. Rabi sun ji. In an tsaida yanzu, cewa za su yi ƙarya ce, wata tsohuwa munka yi haya. A bari kowa ya ji. Sunana ne a ciki, ina da haƙƙi."

"Sunanka ne, muryarta ce!"

"Ni ma ɗan Zauren nan ne. Mushe, in kunka cire tallar nan, ku cire ni cikin biki."

Mushe Tanko ya tsaya da salula a hannu, yana duban wannan yana duban waccan. Gidaɗo ne ke cika musu fili, saboda molonsa mutane ke hawa amalanke su zo daga ƙauyuka. Zulaihatu ta ga lissafin yana tafiya a idon tsohon, ta ga yatsansa ya ja baya daga kan salular. 

"Au, tunani ma kuke yi? Mushe, tunani kuke?"

"Ɗiyata, a bi a hankali. Mu kira réunion, a zauna..."

"La'asar ba ta jiran réunion!"

"Salamu alaikum."

Sallamar a hankali aka yi ta, amma duk suka ji ta har cikin ƙashi.

Inna ce a bakin ƙofa. Ƙafafunta sun yi futu-futu, mayafin da ta rufe fuska da shi a kasuwa yanzu yana kafaɗa. Ashe ba tashar amalanke ta nufa ba. Tambaya ta yi ta yi, ina gidan masu amsa-kuwwa, har aka nuna mata. Ita da ba ta taɓa taka biro ba, ita da ba ta tsayawa inda maza baƙi ke zaune.

Mushe ya miƙe har ya kifar da shayi. "Hajiya, bismillah, ga kujera, wallahi mu ba mu san..."

Ba ta dube shi ba.

"Inna," Zulaihatu ta durƙusa, hawayen da ta riƙe tun kasuwa suka ɓalle. "Inna, wallahi ban ba kowa ba. Ban ci amanarki ba."

"Na ji. Tun ɗazu nike tsaye. Tashi."

Ta sa hannu ta ɗago ta, ta share mata fuska da bakin mayafi. Zulaihatu ta jira abin da ta saba ji duk rayuwarta. Ta jira Inna ta juya wa yayanta baya, ta dubi bango, ta ce mata, ce ma wancan kaza da kaza.

Inna ba ta juya baya ba.

Ta tako har gabansa. Ta ɗaga kai ta dube shi cikin ido, abin da Zulaihatu ba ta taɓa gani ba tun da ta yi wayo. Kallon babu kunya, babu fushi. Irin kallon da take yi wa mai sayen nono ne in ya tsaya gaban ƙwaryarta.

Gidaɗo ya ja da baya har ya taɓa bango. Molon ya zame ya faɗi, tsirkiya ta yi ƙara.

"Inna, don Allah," ya ce. "Kar ki..."

"Gidaɗo."

Gaban Mushe, gaban Mudassir, da murya sarai, ba rawa.

"Shi kake so, ko? To ka ji. Gidaɗo. Daga yau haka zan dinga kiranka, kamar kowa."